Dawowar Mudasiru Fagen Bugu

Inji ya tofo ƙwallo, Mudasiru ya kai mata sanda, ta tafi ta daki raga. Ta biyu ma haka. In dai inji ne ke jifa, ba wanda zai ce mutumin nan ya kwana biyu bai yi wasan kirki ba.

Ɗan Zongon Tema ne, a Ghana. Shi da yayansa Haruna suka koyi besbol a wani fili bayan makaranta, babba na jifa, ƙarami na bugu, har wani kulob a Japan ya ɗauke su tare. Sunan ƙaramin ne ya fi tashi.

Wata safiya a wajen atisaye, kafin sauran 'yan wasa su iso, ƙwallo ta sami Mudasiru a kuncin hagu, ƙashi ya farfashe. Haruna ne ya kai shi asibiti, ya ce injin jifa ne ya kauce. Da Mudasiru ya farfaɗo, ya gaya wa likitoci bai tuna komai ba.

Fuska ta warke, amma bugu bai dawo ba. Da zarar mai jifa ya ɗaga hannu, sai jikinsa ya ja baya ba da izininsa ba. Garin wannan kaucewa ya gurɗe gwiwa, daga baya wuyan hannu ya tsage. Kulob ya turo shi Doha, asibitin 'yan wasa, tare da saƙo ɗaya: za a aiko mutum ya gan shi gaban jifan hannu. In bai buga ba, shi ke nan.

A unguwar Bin Omran ya sauka, gidan Haruna, wanda kulob ya sallama tun makon da abin ya faru, ya zo nan yana tuƙa motar wani kamfani. Haruna ya ba shi ɗakin da ya fi sanyi. Shi ke kai shi asibiti, shi ke ɗaukar masa jaka. In za su ci tuwo, kullum ta hannun daman Mudasiru yake zama, inda babu tabo.

Bayan sallar asuba, kafin zafi ya taso, sukan je wani fili mai raga a unguwar Ain Khaled inda 'yan Filifin da 'yan Japan ke wasa ranar Juma'a. Haruna ya loda inji, ya koma gefe. Wata rana wani ɗan Filifin ya yarda ya yi jifa. Hannunsa na tashi Mudasiru ya sunkuya, sanda ta faɗi. Likitar da ke duba shi ta ce abin ya ɗaure mata kai.

Ajaratu, matar Haruna, ta daɗe da lura cewa gidan ya canza. Mijinta ya daina dariya. Ƙanin mijin kuma yakan tsaya a bakin madafa yana kallon hannun yayansa in yana ɓare lemo, kamar mai jiran wani abu ya fito daga ciki.

Saura 'yan kwanaki mutumin da kulob zai aiko ya iso, Mudasiru ya ajiye safar hannu ta mai jifa a cinyar Haruna.

"Yaya, kai za ka jefa mini."

"Kafaɗata ta mutu tuntuni. A nemo wani."

"Na gwada wani. Kai nake so."

Haruna ya daɗe yana kallon safar kafin ya taɓa ta.

Ranar farko duk jifansa can waje yake tafiya, nesa da jikin ƙaninsa, inda ko yaro ba zai ji tsoro ba. Rana ta biyu ma haka. Gumi na zuba daga gemunsa tun rana ba ta fito ba. Mudasiru bai yi ƙorafi ba. Amma bai ja baya ba ko sau ɗaya, kuma ba ƙwallon yake kallo ba.

Baƙon kulob ya zo da na'urar auna gudu, ya tsaya bayan raga. Jifa na farko waje, na biyu waje. Mutumin ya duba agogo.

Mudasiru ya sauke sanda, ya nuna ƙirjinsa, ya nuna haɓarsa.

"Ciki, Yaya. Kusa da ni. Da ƙarfinka duka."

"Mudasiru…"

"Yalla, jefo. Ina kallonka."

Haruna ya ɗaga ƙafa. Ƙwallo ta taho kamar harsashi, ta ciki, tazarar yatsu kaɗan da rigar ƙaninsa. Ƙarar da sanda ta yi sai da ta juyo da masu shara daga can ƙarshen fili. Ta gaba ta fi ta. Mudasiru ya yi ta bugu har kwandon ƙwallayen ya ƙare, ƙafarsa a kafe, gwiwa da wuyan hannu ba su dame shi ba. Baƙon ya ajiye na'urarsa, ya rusuna masa, ya ce ya shirya kayan komawa Japan.

A mota Haruna ya kasa sa makulli.

"Akwai maganar da ban taɓa gaya maka ba," ya ce.

"Khalas, ya isa, Yaya. Ajaratu na jiranmu da koko. Mu tafi."

Motar ta hau titi. Mudasiru ya jingina kuncinsa da gilashi, ya rufe ido. Abin da ya zo Doha nema ya gan shi yau: idon da ya kalle shi daga tudun jifa babu komai a cikinsa sai tsoro. Wancan karon a Japan ba haka yake ba. Bai taɓa manta komai ba: ranar ko kunna inji ba a yi ba, kuma kafin ƙwallon ta bar hannun Haruna, ya ga inda yayansa ya auna.