Layi na Ɗari Biyu da Tara

"Dakta, sun haɗu! Wallahi sun haɗu!"

Ko sallama ba ta yi ba, ƙaramar ma'aikaciyar ta faɗa ofishin shugabar binciken. Wata uku ke nan tana fama da rajista biyu, ta ma'aikata da ta asibiti, ta masu ciwon MS da ke hana jijiyoyi jin umarni. Ana son a gano nawa ne cikinsu ke aiki har yanzu, amma kwamfuta ta ƙi haɗa ko mutum guda. An ce ranar Alhamis za a rufe binciken, aikinta ya tafi da shi.

"Zauna, 'yata, kada ki faɗi. Ta yaya?"

"A mota daga unguwar Badi'a na kalli iƙamata, katina na izinin zama a ƙasar nan. Ranar haihuwata da Hijira aka rubuta, kamar yadda take a rajistar ma'aikata! Asibiti kuwa da Miladiyya suke rubutu. Ashe kwamfuta gani take kowa ya girmi kansa da shekara ɗari biyar da wani abu!"

Dakta ta kwashe da dariya har da tafi. "Shi ke nan, ba mai rufe mana komai!"

Da ta koma teburinta, sai ta buɗe haɗaɗɗiyar rajistar, ta gangara layi na ɗari biyu da tara. Babu suna, amma ta san ranar haihuwar, ta san ranar da likita ya faɗa mata tana da ciwon. Ta ɗora yatsanta a gurbin ƙarshe.

Tana aiki, in ji kwamfuta.