Dariyar Kujerar Gaba

"Mutanen nan, ko sabulu tsoronsu yake ji!" in ji mai barkwanci.

Zauren ya yi tsit. Kowa ya saci kallon mutumin kujerar gaba, shi kaɗai ne mai launin fatar da ake zagi. Sai ya tuntsire da dariya har da buga cinya. Shi ke nan, an samu izini. Manyan banza suka dinga ɓaɓɓaka dariya.

Da aka tashi, wata mata ta tare mutumin kujerar gaban. "Bawan Allah, ka burge ni, ka san wasa."

Bai amsa ba.

Yaron mai barkwancin, da ke gefen mutumin, ya ce, "Baiwar Allah, kurma ne fa. Oga ke kawo shi. In na taka masa ƙafa sai ya yi dariya."