Kwana Uku Ne Ƙarfin Fure

A gindin kamyon, babbar motar da ke kawo kayan lambu daga Dabaga, hannun wata mata da na surukarta suka haɗu kan dami ɗaya na furanni.

Ranar da mijinta zai tafi haƙar zinariya a Djado, ya tsoma furanni cikin kwalba, ya ajiye a tsakar gida, ya ce kafin su yanƙwane ya dawo. Yau sati bakwai ke nan, ko waya babu. A zafin Agadas kuwa, kwana uku ne ƙarfin fure.

Shi ya sa duk Alhamis take zuwa a ɓoye ta sayo sababbi, don kada tsohuwar ta ga sun sunkuya ta karaya. Mijin ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta tambayar labarinsa. Kwalbar kawai take kallo ta gefen ido.

Abu ɗaya ya daɗe yana ɗaure wa matar kai: yadda furen Alhamis ke kai wata Alhamis da ransa.

Yau Litinin, tumatir ta zo saye, sai ta ga damin jan fure mai kyau ta miƙa hannu.

"Inna, ashe ke ma?"

Tsohuwar ta gyara mayafi, ta kau da kai.

"Wancan yaron bai taɓa saɓa magana ba," in ji ta a hankali. "Ba a kaina zai fara ba. Riƙe Alhamis ɗinki, ɗiyata. Litinin tawa ce."