Hannu Huɗu

Malam Celestine na tsakiyar darasin kimiyya a Gashuwa wani soja ya zo ya tafi da shi. Ko allin da ke hannunsa bai wanke ba.

Shekarar tamanin da huɗu ce. An rufe iyaka, fari ya cinye gonaki. Wanda duk aka kama zai ƙetara da hatsi Nijar, sai kurkuku.

A shingen hanyar Nguru ya tarar da Saleh zaune a ƙasa ba takalmi, gefen motarsa mai buhunan gero. Tsohon ɗalibinsa ne, ya bar karatu ya kama tuƙi. Mahaifiyarsa na wani ƙauye a ƙetaren iyaka. Malam ya taɓa raka shi gaishe ta, suka bi ta Rijiyar Dada.

Saje Aondona, shugaban shingen, ya miƙo wata takarda.

"A hularsa muka samu. Wai darasinka ne, zai sake jarrabawa, geron kuma kasuwar Nguru zai kai. Ni taswirar 'yan fasa-ƙwauri nake gani. Ga N, Nguru. Ga K, Kumagannam."

Layuka ne masu kwana-kwana, da zobe mai kusurwa shida. Malam ya shimfiɗa takardar a kan bonet ɗin motar, ya danne ta da babban yatsa. Ya daɗe yana kallo.

"Saje, zanen sinadari ne. N naitirojin, K fotashiyam."

"Sauran mahaɗun fa? Ba suna."

"Kowace kwana kabon ce, ba a rubuta sunanta. Kabon kuwa hannu huɗu gare shi. Inda ka ga layi biyu kawai, haidirojin ne ya riƙe sauran biyun, shi ba a zana shi. Amma ba ya wuce huɗu. Hanya ba ruwanta da wannan doka. Ƙirga ka gani."

Saje ya zaro biro. Ya bi kwanonin ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Biyu. Uku. Biyu. Huɗu. Yatsan Malam bai motsa daga kan takardar ba. Saleh dai ƙasa yake kallo.

Saje ya kai ƙarshe, ya sake farowa. Sannan ya yi tsaki.

"Tashi, ɗan boko. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa."

Saleh ya rage wa Malam hanya zuwa gari. Ya tsaya a ƙofar makaranta.

"Malam, na gode."

"Ka gaishe da Inna. Takardar nan kuma ta zauna a wurina."

Da motar ta tafi ya buɗe takardar. Shatin yatsansa na nan fari fat a tsakiya. Ya hure allin, layuka biyar suka fito daga kwana ɗaya.

Babu kabon mai hannu biyar. Amma a Rijiyar Dada hanyoyi biyar ne suka haɗu.