Gidan da Baban Auta Ya Gina

Magini ya ƙwanƙwasa bangon falo da ƙotar gudumarsa, ya taɓe baki.

"Wannan bangon ya sha ruwa," in ji shi. "Fenti ne kawai ke rufa masa asiri."

Auta ta ji kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Gidan nan ubanta ne ya gina shi da albashin koyarwa, bulo bayan bulo, tun unguwar tana gonaki a bayan gari. A ɗakin kusurwa aka haife ta. Yau ga wani ƙato da biro a bayan kunne yana yi masa kallon kangon da awaki ke kwana.

Su biyar ne a falon: ita, maigidanta, maginin, dillali mai riƙe da makullai, sai wani dattijo mai farin gilashi da ya harɗe hannuwa a bakin taga.

Tun a hanya maigidan nata ya roƙe ta da ta bar magini ya faɗi son ransa, kada ta tanka. Miliyan talatin da biyar suka tsayar tsakaninsu, a kanta suke kwana suke tashi, kuma ba su da halin matsawa ko taku ɗaya. Ta yi alkawari za ta kama bakinta.

Ta kuwa kama, har aka shiga kicin. Magini ya kushe rufi, ya kushe tagogi, ya ce ƙofar banɗaki ta zamanin kakanni ce. A tsakar gida ya harbi gindin mangwaron da babanta ya dasa, ya ce saiwarsa na cin harsashin gini, sai an sare shi. Unguwar ma, a cewarsa, ta yi nisa da gari. Auta tana ta haɗiye maganganu.

"Miliyan talatin," magini ya yanke, yana kaɗe hannu. "A hakan ma na yi kara. Wanda ya gina shi bai san gini ba."

Nan alkawari ya ƙare.

"Kai ne ba ka san gini ba, malam!" ta ce a fusace. "Harsashin nan tsayin mutum babana ya sa aka haƙa. Shekara arba'in, nuna min tsaga ɗaya. Rijiyar can ba ta taɓa ƙafewa ba. Nisa kuma? Makaranta tana ƙarshen layi, asibiti minti biyar a ƙafa, kwalta har bakin ƙofa, ga kasuwa, ga tashar mota. An ma fara auna sabuwar hanya ta bayan gidan, ko ba ka da labari?"

Maigidan ya taka mata ƙafa. Ta janye, ko kallonsa ba ta yi ba. Magini ya sosa ƙeya yana duban maigidan nata da ya ɗauko shi, kamar mai tambayar laifin me ya yi. Dillali kuwa murmushi yake ta dokawa.

"Gidan babana ba na wulaƙanci ba ne," ta ƙarasa tana huci. "Ko hamsin aka ba da shi, wallahi kyauta aka yi."

Maigidan ya dafe kai ya zauna a kan matakala.

Dattijon, wanda ke biye da su tun daga falo, ya cire gilashinsa, ya goge shi a hankali da bakin riga, sannan ya dube ta.

"Na gode, 'yata. Shekara ashirin ke nan da na sayi gidan nan a hannun mahaifinki, ban san darajarsa ba sai yau. Talatin da biyar na yi niyyar sallama miki, amma tunda mai saye da bakinta ta ce hamsin, ƙasa da haka albarka."