Inda Shagon Yake A Da

Tun da ciwon suga ya cinye idanun mijinta, bai roƙe ta komai ba sai yau. So yake ta kai shi bakin tekun da ya saba hawan igiyar ruwa suna amarci, kusa da shagon da yake karɓar hayar allon hawan ruwan.

Daga unguwarsu ta Al Warsan ta tuƙa mota har can. Babu shagon, babu rairayin. An cike wajen da ƙasa ana ginin otal.

"Yaya ruwan?" ya tambaya.

"Yana tashi sosai, Abban yara. Ga samari can kan allunansu."

Ya sauke gilashin motar, ya daɗe yana saurare. Injin haƙa kaɗai ke ruri. Ta jira ya ƙaryata ta.

Sai ya ɗage gilashin, ya lalubo hannunta.

"Ci gaba," ya ce. "Wa ya fara miƙewa tsaye a kan allonsa?"