Ranar da Zogale Ya Cika Zauren Baba

Tun da likita a Gusau ya ce Baba yana da ciwon suga, ya daina fita ciyayya da maƙwabtanmu a Tsafe. Kunyar kwanonsa na zogale da wake yake ji, har ya fara ƙin abincin, yana ta ramewa.

Wata rana bayan la'asar ina zaune kusa da shi a zaure, sai ga dattawan unguwa, kowa da kwanonsa. Da suka buɗe, duk zogale da wake ne.

Malam Isa ya ce, "Alhaji, tare muka ci mai maiƙo, tare za mu ci wannan. Bismillah."

Baba ya daɗe yana kallonsu, sannan ya wanke hannu. Har yau ina jinjina yadda unguwa guda ta sauya tukunyarta saboda mutum ɗaya.